Kujerar Tagar da Kika Bayar

Maamobi, Accra
Ranar Talata, bayan la'asar

Zuwa ga Hidaya, sanyin idona kuma ciwon kaina, ruwan randa a tsakar rana, iskar teku da ke shigowa lungunmu bayan an sha zafi, wadda na fi so a duk abin da ke numfashi daga Maamobi har bakin ruwa, wadda kuma ba a haifi mai ɓata mini rai kamarta ba. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki, gimbiyar kasuwar Makola, sarauniyar masu atamfa da leshi.

Ina fatan kin sauka Guangzhou lafiya, kasuwa tana yi miki kyau, kina ci kina ƙoshi, kina barcinki mai nauyin nan da ko aradu ba ta tashinsa. Ni kam ba zan yi miki ƙarya in ce ina lafiya ba. Rafi'atu ƙawarki za ta taso gobe, ita za ta ba ki takardar nan hannu da hannu, tunda wayarki ta kurmance tun ranar da kika shiga ƙasar can, saƙonmu ba ya isa gare ki. Na liƙe ambulan sau biyu, amma na san Rafi'atu. In kin ga alamar an buɗe, kada ki damu. Babu abin da ke cikinta da duk Nima da Maamobi ba su sani ba. Ke kaɗai ce ba ki sani ba.

Hidaya, me na roƙe ki? Don girman Allah, me na roƙe ki? Na ce ki sayo mini agogo? Na ce ki ɗauko mini turare, ko takalmi, ko kan injin mota? Rabin unguwar nan sun ɗora miki saƙo, wannan kwalbar yajin shito ga ɗanta, wancan busasshiyar kuɓewa ga ƙanensa, ni kuwa ko allura ban ɗora miki ba. Abu ɗaya tak na roƙa a bakin filin jirgi, na maimaita shi sau uku har kika harare ni: ki zauna a kujerar da na zaɓa miki, ta taga, gefen dama, layi na talatin da huɗu, kuma kada ki rufe ido sai jirgi ya wuce teku. Kika ce to. Da bakinki kika ce to, kina gyara gyale, kina kallon wani waje.

Kin san ni da taga. Shekara bakwai ina zuwa sayo kayan gyaran mota don shagona na Abossey Okai, ban taɓa yarda da son raina an zaunar da ni inda ba zan ga ƙasa ba. Ke kina ganin zaɓen kujera wasa ne, a ce taga kawai a wuce. Ba haka ba ne! Akwai tagar da ke kan fiffike, mutum ya yi sa'a goma yana kallon ƙarfe da ƙusa, ni da nake wuni cikin ƙarafa me zan yi da wannan? Akwai wadda ke daidai bayan inji, inda hucin zafi ke sa ƙasa ta yi ta rawa kamar ana kallonta ta bayan murhu. Akwai layin da aka ce na taga ne, ka je ka tarar da bango ziryan. Akwai gefen da rana ke dukansa tun tashi har sauka, dole ka rufe ko idonka ya tsiyaye. Duk waɗannan na tsallake miki su. Na zauna a ofishin Bashiru mai yankar tikiti har ya gaji da ni, ya juyo mini da kwamfutar ya ce in zaɓa da kaina in bar shi ya ci abinci.

Kuma kin san abin da ke ƙarƙashin wannan tagar? Bakin teku da kwale-kwalen masunta jere kamar ƙwayar shinkafa a faranti. Koguna suna shiga gishiri, jan ruwa da shuɗi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su gauraya ba. Daji kore shar wanda ba ya ƙarewa, sai can ki ga ɗan hayaƙi, ki san akwai wata a can tana dafa wa 'ya'yanta abinci, ba ta san kina kallonta ba. Sannan duwatsun Habasha da yamma, rana tana shafa musu jan baki. Wannan duka na miƙa miki, ya hasken raina. Amma ba don su na nace ba.

Mako uku na yi ina hawa rufin gidanmu da tsakar rana ina kallon jirage suna tashi, ina lura da wane gefe ne ke kallon Maamobi idan jirgi ya karkata. Maƙwabta suka ɗauka dish ɗin talabijin nake gyarawa. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko wata nake nema da rana tsaka. Da na tabbatar gefen dama ne, sai na bi gidaje shida da ke jere a layinmu, bayan babbar gotar ruwa, na durƙusa wa masu su ɗaya bayan ɗaya, na roƙi aron rufinsu. Wannan ya ce sai na toshe masa inda ke yoyo, na toshe. Wancan ya ce sai na sauke masa tsofaffin tayoyin da ya danne kwano da su, na sauke. Ni da Kazeem mai fenti muka yi kwana huɗu a sama, da bokiti da burushi, kwano yana gasa mana tafin ƙafa kamar kaskon ƙosai. Harafi ɗaya a kan kowane rufi, kowanne ya kai tsawon motar haya ta trotro, fari fat a kan tsatsa. Sunanki, Hidaya! A kan rufinmu kuma, da yake ya fi tsawo, na rubuta tambayar da shekara biyu ke nan bakina ya kasa furtawa: za ki aure ni?

Ranar da kika tashi na sa farin kaftanina na Idi, na hau sama tun kafin azahar, da ɗan ƙyalle a hannu. Da jirginku ya ɗago kai daga bayan gine-gine, zuciyata ta bi shi. Ya hau, ya hau, sannan ya kwantar da fiffiken dama daidai yadda na lissafa, kamar matuƙin ɗan uwana ne mun yi shawara. Na ɗaga hannu biyu, na yi ta kaɗa ƙyalle, ina tsalle a kan kwanon mutane, ina kiran sunanki kamar za ki ji. Ba zan ɓoye miki ba, na yi hawaye. Na ce yanzu ta gani, yanzu ta dafe ƙirji, yanzu ta san irin son da nake yi mata. Ashe Hajiya Ƙaltume nake yi wa hawaye.

Hajiya Ƙaltume, Hidaya! A duk fasinjan da ke cikin jirgin nan, ɗari biyu da wani abu, ba ki samu wanda za ki ba kujerata ba sai matar da ba a taɓa haihuwa ko saki a Maamobi ba ta riga ungozoma da liman sani ba? Da kuka sauka Addis Ababa canjin jirgi, kika aiko mini saƙonki na ƙarshe kafin wayarki ta mutu. Yana nan, na karanta shi ya fi sau ɗari. Kika ce tafiya ta yi daɗi, kin haɗu da Hajiya za ta Umra, wuyanta na ciwo tana son ta jingina da bango, kin ba ta taga kin karɓi tata ta bakin hanya, kin ma fi jin daɗinta, kin yi barci tun kafin a tashi. Sannan kika haɗo da hoto. Na buɗe ina cewa ko dai wani ya nuna mata. Hoton shinkafa da kaza ne, da ɗan burodi, da ɗan man shanu a takarda.

Ita kuwa Hajiya wuyanta bai hana ta leƙawa ba, bai kuma hana ta ɗaukar hoto har guda biyar ba. Tana sauka ta tura su guruf ɗin matan unguwa na waya, mata sun fi ɗari huɗu, ta bi da saƙon murya. Na haddace shi, don babu lungun da ban ji ana kunna shi ba: "Ei, jama'a, ku zo ku gani abin mamaki! Yarinyan Malam Ƙasimu, sunan shi na bisa kwano, babba paa! Har da tambayan aure. Ni dai ban faɗa ma yarinyan komi ba, ya yi barci, kuma ba bakina ba ne." Kin ji? Ba bakinta ba ne. Ta gaya wa mata ɗari huɗu, ta bar mace ɗaya da aka yi abin dominta, tana kujera biyu daga inda take, ta wuce Makka abinta.

Tun daga ranar ban sake cin waakye, shinkafa da waken da na saba, a natse ba. Mai abincin tana hango ni take cewa ga Alhaji Kwano nan, a ƙara masa ƙwai, ya sha rana. A Abossey Okai kuwa ba a magana. Duk wanda ya wuce shagona sai ya leƙo ya ce, "Chale, nawa ne harafi ɗaya? Ni ma ina da yarinya a unguwar Madina." Rannan wani direba ya zo sayen burki, ya kalle ni, ya kalli sama, ya fashe da dariya har ya manta abin da ya kawo shi. Duk wannan zan iya haɗiye shi. Mutum ba ya mutuwa don an yi masa dariya, kuma in don ke ne, su yi har haƙoransu su zube.

Abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne fuskar kawunki. Malam Ƙasimu ya aiko a kira ni ranar Asabar, bayan an tashi ɗaliban Islamiyyarsa. Na same shi zaune a barandar makaranta, da carbi, da wayar wani a gefensa, hoton rufin nan a buɗe. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Abdul-Mumin, gidanmu yana da ƙofa, kuma ka san inda take. Da ubanta zai rasu ni ya damƙa wa ita. Ban raine ta don a baje sunanta kamar allon shago, kafiri da musulmi suna karantawa daga sama ba. Kana da manya. Me ya hana ka turo su da goro kamar yadda ubanka ya yi, kamar yadda na yi?" Me zan ce? In ce na so ki fara sani kafin kowa? Ai ke ce ta ƙarshe.

Ya yanke abu biyu. Na farko, kafin a hau mumbari ranar Juma'a, kada a ga ko ɗigon sunanki a kan rufin kowa. Na biyu, wanda shi ya sa nake rubuta miki wannan da hannu mai bororo: ya ce ba zai karɓi goron manyana ba sai ya ji daga bakinki. Ranar Asabar ta sama da za ki dawo, kafin ki ajiye jaka, kafin ki sha ruwa, zai tambaye ki a gaban mahaifiyarki ko kina son wannan mai hawa rufin. In kika ce kina so, ranar Lahadi ƙofa a buɗe take. In kika ce a'a, ko kika yi shiru, ko kika yi irin amsar nan taki, ya ce magana ta mutu, kuma kada in ƙara bi ta layinku ko da rana ko da inuwa.

Irin amsar nan taki! Ita ke hana ni sukuni, ya ke wadda muryarta ta fi mini koko mai zafi da asuba. Kin san ta. Duk ɗaya ne. In na ce shuɗin yadi ko kore, duk ɗaya ne. In na ce mu bi ta Kanda ko ta Sabon Zongo, duk ɗaya ne. In na ce kin yi kewata, sai ki yi murmushi ki ce jiya ma ai mun haɗu. Shekara biyu ina binki, ina ɗauko miki dila daga tasha zuwa Makola, ina zama a bencin shagonki har kwastomominki sun ɗauka ni ne mai gadi, amma har yau ban san ko sona kike yi, ko kuwa kin saba da ni ne kamar yadda aka saba da ƙarar jirgi a unguwar nan. Ina roƙonki, Hidaya, ina haɗa ki da Allah, kada ki kalli Malam Ƙasimu ki ce masa duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Wallahi a wurina ba ɗaya ba ne.

Kin tuna ranar da na fara jin kalmar nan daga bakinki? Muna dawowa daga can inda kike yanzu, mun canja jirgi da safe, ban san ki ba, ba ki san ni ba. Na makara wajen awon kaya, aka jefa ni kujerar tsakiya, tsakanin wani ƙato mai minshari da wata 'yar siririya mai gyale ruwan ɗorawa, wadda Allah ya ba taga ta rufe ta ruf. Na zauna ina cin raina. Muna bisa duwatsun da na fi so a duniya, ga safiya, ga sama tas babu gajimare, ke kuma kin tsuke ido. Na yi gyaran murya, na gaishe ki da Hausa don na ga jakar Makola a ƙafarki, na roƙi ki ɗaga murfin ko da rabi. Kika buɗe ido ɗaya, kika ce ƙasa ai ƙasa ce, duk ɗaya ne, kika mayar da idon. Na rantse a raina ban taɓa ganin mace marar tausayi irinki ba.

Sai can, bayan na fid da rai, ba ki ko buɗe ido ba, kika miƙa hannu kika tura murfin sama har ƙarshe, kika gyara kwanciya. Haske ya shigo ya zauna a kumatunki, ya bi gefen gyalen nan ya kunna shi. Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni da nake fahariya na san kowane tudu da kwari na hanyar nan, in aka tambaye ni yadda duwatsun suke a wannan safiyar, ban sani ba. Sa'a biyar na yi fuskata na kallon taga, ban ga ƙasa ba ko sau ɗaya.

Jiya muka gama gogewa. Ni da Kazeem muka sake hawa, muka bi haruffan nan ɗaya bayan ɗaya, har da tambayar. Kawunki ya ce a shafe suna, bai faɗi launi ba, don haka na sayi fenti ruwan ɗorawa, irin na gyalen nan, muka shafe rufin bakwai gaba ɗaya da shi. Ya biyo ta layin da yamma, ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo, ya wuce. Babu suna, babu tambaya, babu abin da Hajiya Ƙaltume za ta karanta. Rufi bakwai ne kawai masu haske a tsakiyar tsatsar Maamobi.

Amma ina kan harafi na uku, gumi na shiga mini ido, wani tunani ya zo mini wanda bai yi mini daɗi ba. Na ce, kai Abdul-Mumin, yarinyar nan tun ranar farko ta nuna maka ba ta son taga. Ta sha gaya maka taga kurkuku ce, sai an tsallake mutum biyu kafin a je alwala, ita ta fi son bakin hanya, ta miƙe ƙafa, ta riga kowa sauka, kamar yadda take zama kusa da ƙofa a trotro. Kai kuma da za ka yi mata tambayar da ta fi kowace girma, sai ka ajiye ta a inda kai kake son kallo. Haushinki nake ji har yanzu, kada ki ɗauka na huce, ban huce ba ko kaɗan. Sai dai na gane rabin haushin nawa ne.

Na koma wurin Bashiru, ya ga ƙeyata ya dafe kai. Na sake kama miki taga a jirgin dawowa, gefen hagu wannan karon, bayan fiffike da layi tara, ko Allah zai sa matuƙin ya zagayo ta teku ki hango rufin nan. In kin ga dama ki zauna, ki leƙa sau ɗaya, ki ƙirga su. In kuma ba za ki iya ba, ki bayar, na yafe tun yanzu. Abin da kawai nake roƙo, ki duba wanda za ki ba, ya kasance ba shi da waya.

Goro yana nan na saya, ƙwarya guda, fari da ja, yana naɗe cikin ganye a ƙarƙashin gadona. Kullum da safe sai na buɗe na yayyafa masa ruwa don kada ya bushe kafin Lahadi. Baffana ya kai babbar rigarsa guga. Komai ya kammala sai kalma ɗaya daga bakin da ya fi kowane baki rowar magana a Accra.

Ga alkawarina, ya abar ƙaunata, ki riƙe takardar nan shaida. In kika ce wa kawunki kina so, daga ranar har ranar da za a ɗauke ni a makara, duk jirgin da za mu shiga tare, kujerar bakin hanya taki ce, ba gardama, ba wa'azin koguna da duwatsu. Kuma kin san yadda kujerun suke, uku-uku ne. Wanda yake son ya zauna kusa da mai bakin hanya, ba taga zai nema ba. Ni, Abdul-Mumin, da na yi shekara bakwai ina faɗa da ma'aikatan jirgi a kan taga, na bar ta. A ba baƙo, a ba ƙato mai minshari, a ba Hajiya Ƙaltume ma in ta dawo, ta rufe murfin in ta so. Na riga na san gefen da zan kalla.

Naki jiya, naki yau, naki ko kin ga rufin ko ba ki gani ba, mai haushinki da ƙaunarki a ma'auni ɗaya, wanda ba zai canja ba sai dai jirage su daina bi ta kan Maamobi,

Abdul-Mumin,
mai jiran kujerar tsakiya.